Shagon da ya rina wa Yayana shadda tsanwa don bikin mutanen Ailan a Niyok

Salamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lahiya. Tun da na sa hoton Yayana a status mata suka dame ni da tambaya, wa ya yi rinin ga, nawa aka kashe, yana zuba ko ba ya zuba, to yau dai na samu zama bari in faɗi komi daki-daki. Shago ne na rini da ɗinki a nan Maraɗi, can wajen unguwar Zariya, mai shagon dattijo ne kowa Malam yake ce masa, yana da yara kamar shida a kan keke da wasu biyu a wajen rini ta baya. Sunan shagon ba zan kama ba, don akwai inda suka yi mini ba daidai ba kuma sai na faɗa, ba na so in ɓata wa bawan Allah sana'a a kan abin da ya riga ya ba ni haƙuri.

Yadda abin ya faro, Yayana yana Amurka shekara 11 ke nan, taksi yake ja a Niyok, yana zaune Bronx. Akwai wani tsoho makanike da yake kai wa mota tun farkon zuwansa, mutumin kirki, lokacin da Yaya bai iya Inglishi ba shi yake karanta masa takardu, har lokacin da Babanmu ya rasu tsohon ga da kansa ya zo gaisuwa ɗakin Yaya ya zauna a tabarma tare da ƴan Nijar. Tsohon a Amurka aka haife shi amma asalin kakanninsa mutanen Ailan ne, wadda a lakwal muka sani da Irlandi, kuma a Bronx ɗin akwai unguwa guda, Wudlon, da ta cika da su. Kowace shekara ran 17 ga Maris suna bikin waliyyin ƙasarsu, Patirik, kowace shekara kuma tsohon sai ya gayyaci Yaya shi kuwa ya ce aiki. Bana ya ce kunya ta ishe shi, wanda ya zo maka ranar kuka ai ka je masa ranar murna. Sharaɗin bikin guda ne, kowa ya sa tsanwa. Ya ce shi ba zai sayi irin hulunan roba da ake tallarsu bakin titi ba, kayan gida yake so, shadda, a rina ta tsanwa a Maraɗi a ɗinka a Maraɗi. Ya yi mini bokal tun farkon Fabrairu ya ce ƙanwata wanga aiki naki ne.

Na sayi farar shadda metir 5 a babbar kasuwa, ba gezna ba gaskiya amma mai kyau ce tana da nauyi, na hau adaidaita na kai shagon. Na ce Malam tsanwa nake so. Ya dube ni ya ce Hajiya tsanwa ai dangi gare ta, akwai ta ganyen darbejiya, akwai ta ɗanyen haki na farkon damina, akwai ta tuta, akwai mai duhu ta sojoji, wacce? Nan na tsaya, don ban sani ba. Na kira Yaya, sai ya turo bidiyo ya ce ga kalar nan, a nuna wa Malam.

Bidiyon kogin Shikago ne, wani birni daban a can Amurka. Wallahi da ban gani da idona ba da sai in ce aikin kwamfuta ne, kogi guda a tsakiyar birni tsakanin dogayen benaye ya koma tsanwa shar kamar an zuba fenti, mutane dubbai a kan gadoji suna kallo. Tun 1962 suke yin haka kusan duk shekara don bikin ga, ƙungiyar masu aikin famfo ta garin ce ke yi, kuma asalin abin wani rini ne da suke zubawa a bututu don su gano inda ƙazantar ruwa ke tsiyaya cikin kogin, sai aka lura yana mai da ruwa tsanwa. Suna shiga ƙananan jiragen ruwa suna barbaɗa gari, garin kuma a ido ruwan goro ne, sai ya taɓa ruwa ya juye. Malam ya kalla har sau uku, ya kira yaran rini ya ce ku zo ku ga manyanku. Ya ce mu Gulbin Maraɗi a watan Maris ko ruwan da za a rina babu, sai rairayi. Amma juyewar kalar ba ta ba shi mamaki ba ko kaɗan, ya ce shi a bakin karofi ya tashi wajen kakansa, kuma duk wanda ya san rinin baba ya san zane yana fitowa daga rami tsanwa-tsanwa ne, iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonka. Da na gaya wa Yaya wagga magana sai ya ce abin mamaki, tsohon ya taɓa ce masa a da can shuɗi ne launin da ake danganta wa Patirik, tsanwa daga baya ta karɓe, lokacin da ƴan Ailan ke gwagwarmaya da mulkin Ingila, musamman tawayen 1798.

To nan ne abu na farko da ya sa na yaba shagon. Malam bai tsoma shaddata kai tsaye ba. Ya yanki ƙyalle uku daga wata fara tasa ya rina kowane da ƙarfinsa daban, ya ce in dawo jibi in sun bushe, don jiƙaƙƙen zane ƙarya yake yi, kullum ya fi duhu. Na dawo, ya fito da su rana ya ce kada in duba a cikin shago. Na ɗauki hoto na tura, Malam ya ce in gaya wa Yaya salula tana ƙara wa kala haske, ya zaɓi wadda ya ga kamar ta ɗan yi duhu. Muka tsaya a ta tsakiya. Ni dai na sha kai rini wurare, ba a taɓa yi mini gwaji haka ba tare da na roƙa ba, kuma bai caje ni ko dala a kai ba.

Sai maganar aikin wuya. Yaya ya turo hoton wani ɗan ganye mai kunne uku, shamrok suke ce masa, shi ne tambarin bikin, a riga a hula a kumatun yara ko'ina shi ne, har shugaban gwamnatin Ailan yakan je fadar shugaban Amurka a lokacin bikin ya miƙa masa kwano cike da shi. Ya ce a yi masa shi a gaban riga. Malam ya ce yin sa ba wuya, amma shi ba ya ɗinka alama sai ya san mi take nufi. Gaskiya da farko na ji haushi, na ce ganye ne fa Malam. Ya ce Hajiya tambaya ba ta ɓata komi. Akwai wata abokiyar aikina ƴar Katolika, iyayenta daga Benin suka zo amma nan aka haife ta, ita na tambaya, ta zaunar da ni ta ba ni labarin tiryan-tiryan. Patirik ɗin ma ashe ba ɗan Ailan ba ne, a Birtaniya aka haife shi zamanin Rumawa, yana ɗan shekara 16 mahara suka sace shi suka kai shi Ailan bauta, ya yi shekara 6 yana kiwo a daji, ya gudu ya koma gida, daga baya kuma ya sake komowa ƙasar da aka bautar da shi don wa'azin addinin Kirista. A ƙarni na 5 ke nan, kuma 17 ga Maris ita ce ranar da suke riƙe da ita a matsayin ranar rasuwarsa. Ganyen kuwa, labarin da ake bayarwa shi ne da shi ya yi wa mutane misalin aƙidarsu ta uku cikin ɗaya. Ta ƙara da cewa ko nan Nijeriya maƙwabta Katolika sun ɗauke shi waliyyin ƙasa, saboda limaman coci ƴan Ailan da suka yi aiki sosai a kudancinta.

Da na kai wa Inna labari ta ce a'a, ya je ya taya maƙwabcinsa murna wannan zumunci ne, amma alamar aƙidar wani ba ya rataya ta a ƙirji, ga shi kuma cikin azumi. Yaya bai yi gardama ba, ya ce shi ma bai san ma'anar ta kai nan ba, don da yawa masu sa shi a can alamar ƙasa kawai suka ɗauke shi. Ni a raina na gode wa Malam, don da wani tela ne da ya karɓi kuɗi ya buga abinsa, rigar ta isa Amurka sannan a fara cacar baki a waya.

Shi ne kuma ya kawo mafita. Ya ce wace irin tuta gare su, na nemo a intanet na nuna masa, tsanwa da fari da ruwan goro, a tsaye. Ya yi dariya ya ce to ai tutarmu ce aka tayar tsaye aka cire mata rana. Wallahi ban taɓa lura ba sai ranar, tamu ruwan goro a sama, fari a tsakiya da rana, tsanwa a ƙasa, launukan duka ɗaya. Ya ce bari a yi aikin wuya da farin zare da ruwan goro a kan tsanwar, irin zanenmu na gida, a tsakiyar aljihun gaba a sa ɗan da'ira ruwan goro kamar ranar tutarmu, su su ga nasu mu mu ga namu. Aikin keke ne ba na hannu ba, amma ya zauna daram, zaren bai tattare shaddar ba, na juya ciki na duba babu zare ko ɗaya da ke lilo. Bugu ma an yi mata mai kyau, tana ƙyalli tana ƙara in ka taɓa.

Wani abu da ya tsaya mini a rai tun ina cikin hidimar ga, na tambayi Yaya wai mi ya sa bikin ƙaramar ƙasa ya fi girma a ƙasar wasu. Jamhuriyar Ailan mutanenta miliyan 5 ne da ɗan ɗori, amma a Amurka sama da miliyan 30 ke cewa asalinsu can ne. Ya ce yunwa ce ta watsa su. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, shi ne kuwa abincin talakansu kamar yadda hatsi yake a wurinmu, mutum wajen miliyan guda ya mutu, wasu sama da miliyan suka hau jiragen ruwa suka bar ƙasar, kuma da suka isa ba da hannu biyu aka tarbe su ba, aikin ƙarfi suka yi, haƙar magudanai, shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, mata aikatau a gidajen masu kuɗi, ana yi musu kallon banza saboda talauci da kuma ɗarikarsu ta Katolika. Fitowa titi ran 17 ga Maris hanya ce ta cewa ga mu nan, muna da yawa, ba mu manta gida ba. Da nake fassara wa Inna ta yi shiru, can ta ce ashe Turawa ma sun san wagga. Ita ta ga yunwar 1984, ni kuma ina da wayo a 2005 lokacin da aka cika cibiyoyin tamowa a nan Maraɗi da yara, na ga mata daga ƙauyuka a layi da goyo, kuma kowa ya san gidaje nawa ne a jihar ga suke ci da kuɗin ɗan da ya tafi bida, Kano ko Legas ko Libiya ko Aljeriya. Yaya kansa ba yawon buɗe ido ya kai shi Amurka ba. Ko ƙungiyar agajin nan Concern da ke aiki a jihar Tawa ta ƴan Ailan ce, an kafa ta a 1968 saboda yunwar yaƙin Biyafara. Tun daga nan rigar ta daina zama mini kayan kwalliya kawai, na riƙa zirga-zirga shagon kamar ta aurena ce.

Yanzu inda suka ɓata mini rai. Randebu. Malam ya ce kwana 10, na ba da rabin kuɗi, na gaya masa akwai wanda zai tashi daga Yamai ranar kaza shi zai tafi da ita, in ta wuce ranar shi ke nan. Kwana 10 na zo ba a ko yanka ba. Na san azumi ya matso kuma kayan salla sun fara taruwa, ga ɗaukewar wuta, amma ai shi ya sa na kawo da wuri, kuma abin da ya fi ƙona mini rai yaron da ke amsa waya sau biyu yana ce mini an gama saura guga. Da an ce mini ba a fara ba da na san yadda zan yi. Sai da aka ƙara kwana 4, ranar ƙarshe na zauna a benci tun bayan la'asar har aka yi isha'i ana aikin wuya a gabana, da asuba na kai tasha aka sa a bas ɗin Yamai, ta isa hannun mutumin saura sa'o'i ya tafi filin jirgi. Malam ya ba ni haƙuri ya kuma yi wa yaron faɗa a gabana, amma zuciyata ta riga ta sha wuya.

Na biyu, awo. Na kai tsohuwar rigar Yaya aka gwada da ita, kuma na faɗa da bakina cewa can sanyi ake a watan Maris, za a sa rigar sanyi a ciki, a ƙara faɗi. An ce to. Ba a ƙara ba, ko an ƙara kaɗan ne. Yaya ya ce da ya sa suwaita a ciki hammata ta kama shi, dole ya sa mai shara-shara ya ɗora kwat a sama ya bar gaba a buɗe don aikin ya fito. Tela ɗan Maraɗi da bai taɓa jin sanyin da ya wuce na hunturunmu ba ban ga laifinsa sosai ba, amma abin da mai kaya ya faɗa a rubuta shi. Na uku, ta ɗan zuba. Ba sosai ba, amma farar singiletin da ya sa ta yi tsanwa a wuya, kuma wankin farko ruwan ya canza. Wanki na biyu ya tsaya, kalar kuma ba ta kashe ba, farin zaren ma bai ɓaci ba don ya wanke da ruwan sanyi shi kaɗai kamar yadda Malam ya ce. Duk mai kai rini can ya ce a ƙara ɗauraya kafin bugu.

Ranar bikin Yaya ya yi ta turo mana bidiyo muna kallo bayan shan ruwa, don sun fi mu baya da sa'o'i, ƙarfe 11 na safiyarsu ake farawa. Faretin Niyok ya girmi ƙasar Amurka kanta, tun 1762 ake yin sa. A babban titin nan na biyar ake bi, daga layi na 44 har na 79, a wuce ta gaban babbar cocin da ke ɗauke da sunan Patirik ɗin, masu tafiya kawai sun kai dubu 150, ƴan kallo kuwa ba a magana, kuma duk a ƙafa, ba a shigo da motocin ado. Sojojin runduna ta 69 ke buɗe hanya, da wasu dogayen karnuka irin na ƙasarsu, sai masu busa wata algaita mai jakar iska, maza sanye da siket mai gidan dara, sai ƴan sanda, ƴan kwana-kwana, ƴan makaranta, sai ƙungiyoyin ƴan asalin kowace gunduma ta Ailan kowa da tutarsa, kamar dai a ce ga ƴan Tasawa ga ƴan Madarunfa ga ƴan Gidan Rumji. Inna ta ce wanga ai hawan salla ne ba dawaki. Kuma ba Niyok kaɗai ba, Bostan da Landan da Montiriyal da Sidni duk ana yi, har wani ɗan tsibiri a Karebiyan, Monsarat, da yawancin mutanensa baƙaƙe ne jikokin bayi, su ranar hutu ce gare su kuma suna haɗa ta da tunawa da yunƙurin tawayen da bayi suka shirya a ranar a 1768.

Rigar kuwa ta yi abin da aka yi ta dominsa. Yaya ya ce bai yi taku 20 ba sai an tsayar da shi a ɗauki hoto, wasu su shafa shaddar su ce wane irin yadi ne wanga mai ƙyalli, wata tsohuwa ta tambaye shi a wane kanti ya saya ya ce mata Maraɗi, ta ce ina ne, ya buɗe salula ya nuna mata taswira da tutarmu, ta riƙe baki. Tsohon makaniken ya yi ta jan hannunsa yana nuna shi ga danginsa. A hoto kalar ta fito daidai da ta kogin, ban ƙara ba ban rage ba.

Ba zan ɓoye ba, bikin akwai shan giya sosai, har ita ma rina ta suke yi tsanwa, kuma Yaya ya ce da yamma wasu tituna ba su da daɗin bi. Shi da azumi a bakinsa ya kalli faretin ya bar wurin da wuri. Amma tsohon da matarsa ba su cikin masu wannan, da safe coci suka fara zuwa, su ma lokacin azuminsu ne na kwana 40, kuma matar ta jira har rana ta faɗi sannan ta zuba abinci don Yaya ya sha ruwa tare da su. Abincin ranar a Amurka naman shanu ne da aka jiƙa a gishiri, da shu, wato kabeji, da dankali. A can gida Ailan da naman alade ake yi, kakanninsu da suka zo Niyok ba su da kuɗi suka koma sayen na shanu wurin mahauta Yahudawa maƙwabtansu, ya zama al'ada. Yaya shi ya kai nasa naman daga shagon halal, ta dafa masa a tukunya daban.

Kuɗi: shadda jika 25, rini da bugu jika 7, ɗinki da aikin wuya har da wando jika 15, hular da ta dace na saya daban a kasuwa. A ganina rinin ya fi kuɗinsa, ɗinkin daidai kuɗinsa ne. In kala ce ta dame ki, musamman wadda ba a samu a kanti, ki kai can ido rufe, ki tafi da hoto ko ƙyallen abin da kike so. In kina da rana tsayayya kamar biki ko tahiya, ki rage kwana 7 a abin da za ki gaya musu, kuma ki nemi Malam da kansa a waya, kada ki tsaya ga yara. Watan azumi kuwa kada ma ki fara.

Shekaranjiya Yaya ya sake yin bokal, wai tsohon ya ce shi ma yana son irinta amma shuɗiya, ta rinin baba na gaske irin wanda Malam ya ba da labari, ya ma turo awonsa a takarda da inci, sai da na sa ɗan maƙwabta ya mai da mini santimita. Na kai wa Malam jiya, ya ce ramin baba ba shi da shi yanzu amma ya san wanda zai kai wa, kuma wannan karon a gabana ya rubuta a littafinsa: a ƙara faɗin hammata yatsa huɗu.